Cikin Ƙaguwa Ya Ƙaryata Masu Ginin Ƙwaƙwalwa

A watan Yuli na shekarar 2009, a birnin Oksfod na ƙasar Ingila, wani masanin jijiyoyi mai suna Henry Markram ya hau dandali gaban taron attajirai da masu faɗa a ji, ya shaida musu cewa gina ƙwaƙwalwar ɗan Adam a cikin kwamfuta abu ne mai yiwuwa, kuma shekara 10 sun isa a gama aikin. Aka tafa masa. Jaridu suka ɗauka, gidajen rediyo suka maimaita. A shekarar 2013 Tarayyar Turai ta zaɓi shirinsa, aka yi shelar za a zuba masa Yuro miliyar guda, wato wajen miliyar 656 na kuɗin sefa. Shekara 10 ta cika, ta wuce. An rufe babban shirin na Turai a watan Satumba na 2023 bayan ya ci kimanin Yuro miliyan 600, shi kuwa shirin Blue Brain na ƙasar Suwizilan, wanda ya haife shi, ya naɗe tabarmarsa a ƙarshen 2024. Ƙwaƙwalwar da aka yi alkawari ba ta fito ba, ko ta ɓera ma da za a ce ta kammala tana aiki irin na mai rai.

Da a ce maganar ta mutum ɗaya ce da bakinsa ya riga hankalinsa, da ba ta cancanci a ɓata mata tawada ba. Abin da ya sa ta cancanta shi ne alkawarin bai mutu tare da shirin ba. Riga kawai yake sakewa, ya dawo kowace shekara, kuma kunnen Bahaushe a shirye yake ya karɓe shi, domin harshensa ya riga ya yi masa shimfiɗa. Tun ran da masu fassarar labarai suka raɗa wa wannan akwati suna na'ura mai ƙwaƙwalwa, aka shigar da hukunci cikin suna ba tare da an yi shari'a ba. Faransawa sun fi taka-tsantsan a nan. Lokacin da kamfanin IBM ya nemi sunan da zai sayar da injinsa da shi a Faransa a 1955, wani malamin Latin na jami'ar Sorbon, Jacques Perret, ya ba su kalmar ordinateur, ma'ana mai jera abubuwa bisa tsari. Mai jerawa ya ce, ya tsaya nan. Ɗalibin lise da ke jin sunan Hausa a gida, ya ji na Faransanci a aji, yana iya girma da tunanin cewa ƙwaƙwalwarsa kwamfuta ce ta nama, kwamfuta kuma ƙwaƙwalwa ce ta ƙarfe, abin da ya rage kawai a ƙara wa ta ƙarfen girma.

To, tun da an ce girma ne kaɗai ya rage, adalci shi ne a gwada maganar a kan aikin jijiyoyi mafi ƙanƙanta. A bar tunani, a bar mafarki, a bar waƙa. A ɗauki kari, wato wannan bugu mai komawa da jiki yake yi ba tare da an umarce shi ba: numfashi, taunar abinci, jefa ƙafa bayan ƙafa, kaɗa fiffike. Mutum ba ya tsara kowane taku idan ya kama hanyar kasuwa, ba ya kuma tuna numfashi idan barci ya ɗauke shi. Akwai ƙananan gungu na ƙwayoyin jijiya a cikin laka da gindin ƙwaƙwalwa waɗanda su ke kaɗa wannan kari da kansu, kamar makaɗan da aka ɓoye bayan labule. A kan waɗannan makaɗan jiki ne aka fi daɗewa ana gina samfurorin lissafi a kwamfuta, a kansu ne kuma aka fi samun nasara. Saboda haka shaidarsu ta fi ta kowa nauyi, kuma shaidar ba ta yi wa masu manyan alkawura daɗi ba.

Asalin labarin ya girmi kwamfuta. A farkon ƙarni na 20 babban malamin fannin, Charles Sherrington, ya karkata ga cewa tafiya sarƙa ce ta martani: ƙafa ta taɓa ƙasa, saƙo ya je laka, laka ta mayar da umarni, sabon motsi ya haifar da sabon saƙo. Sai wani matashi ɗan Sikotilan da ke aiki a ɗakin bincikensa a Libaful, Thomas Graham Brown, ya yanke jijiyoyin da ke kai saƙon ƙafa zuwa lakar kyanwa, ya kuma raba lakar da ƙwaƙwalwa. A 1911 ya ba da rahoton cewa tsokokin da ke naɗe ƙafa da masu miƙe ta sun ci gaba da karɓa-karɓa. Ashe karin daga cikin lakar yake fitowa. Bayanin da ya bayar a 1914 duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata biyu suna lugude a turmi ɗaya zai gane shi nan take: taɓarya ɗaya ba ta sauka sai ɗaya ta tashi, kowacce tana hana ƴar uwarta lokacin da take ciki, sannan ta ba da wuri. Gungu biyu na ƙwayoyi, kowanne yana danne ɗaya har ya gaji. Ba a saurare shi ba. Ya koma hawan duwatsun Alp, inda ya yi suna fiye da yadda ya yi a ɗakin bincike, sai a shekarun 1960 Anders Lundberg da Elzbieta Jankowska suka tono aikinsa a ƙasar Suwidin. A 1961 kuma Donald Wilson ya nuna abu iri ɗaya a jikin farar ɗango, wannan dai da ta share gonakin Sahel a 2004: ya cire jijiyoyin da ke kawo labarin fiffike, karin tashi bai tsaya ba, saurinsa ne ya ragu zuwa wajen rabi.

Kafin a shiga batun samfurori na yau, ya kamata a san ma'aunin da ake auna samfuri mai kyau da shi, kuma an kafa ma'aunin tun 1952. Alan Hodgkin da Andrew Huxley sun auna yadda sinadaran sodiyom da fotasiyom ke ratsa fatar wata ƙatuwar jijiya ta halittar teku da Faransawa ke kira kalmar, suka zuba abin da suka auna cikin jumlolin lissafi guda huɗu. Kwamfutar jami'ar Kambirij tana cikin gyara a lokacin, sai Huxley ya zauna da injin lissafi na murɗawa da hannu, ya yi makonni yana murɗa. Lissafin ya ce saƙon zai bi jijiyar da gudun mita 18.8 a sakan guda. Da aka auna a jijiyar kanta, aka sami 21.2. Muhimmin abu a nan shi ne ba a cusa wannan adadi cikin lissafin ba, lissafin ne ya haife shi, kuma da ya fito da nisa da gaskiya da duniya ta gani. Samfurin ya miƙa wuyansa ga wuƙa, ya tsira. Wanda ya zo da samfurin da babu wani awo da zai iya kashe shi, hoto ya kawo, komai kyansa.

Yanzu a juya ga ƙaguwa. A saman cikin ƙaguwar teku da danginta akwai wani ɗan ƙulli na jijiyoyi mai ƙwayoyi kusan 30. Aikinsa shi ne kaɗa tsokokin da ke niƙa abinci da tace shi. Ana iya ciro ƙullin nan a shimfiɗa shi cikin faranti da ruwan gishiri, ya ci gaba da kiɗansa na sa'o'i masu yawa: bugu uku a jere, su koma, kusan sau ɗaya a kowane sakan. Ƙwayoyin manya ne, kowacce an san ta da sunanta, ana samun ta a kowace ƙaguwa, ana iya soka mata allurar awo. Zuwa shekarun 1980 an riga an zana taswirar wacce ke magana da wacce. Idan akwai wurin da ya kamata a ce an gama fahimta a duniyar jijiyoyi, nan ne. Amma a 1980 Allen Selverston, ɗaya daga cikin waɗanda suka zana taswirar da hannunsu, ya buga maƙala wadda kanta tambaya ce, ko waɗannan gungu masu haifar da kari abin fahimta ne ma. Tambayar ta fito ne daga bakin mutumin da ya fi kowa kusa da amsa.

Abin da ya dagula lissafi na farko shi ne taswira ba ta faɗin abin da saƙar za ta yi. Eve Marder ta jami'ar Brandeis a Amurka, wadda ta ba wannan ɗan ƙulli fiye da shekara 40 na rayuwarta, ta nuna tare da wasu cewa gommai na sinadarai suna zubowa a kansa daga jini da kuma daga jijiyoyin sama, kowanne yana sake ƙarfin mahaɗu da halin ƙwayoyi. Wayoyin ba su sauya ba, kiɗan ya sauya. Ƙwayar da ɗazu take cikin ƙungiyar masu tacewa tana iya komawa ta masu niƙa. Idan aka toshe waɗannan saƙonni na sama, karin yakan yi rauni ko ya tsaya cak, alhali ba a taɓa waya ko ɗaya ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi hattara da masu cewa da zarar an gama taswirar ƙwaƙwalwa an gama aiki. An gama taswirar wata ƴar tsutsa mai ƙwayoyin jijiya 302 tun 1986, kuma har yau babu samfurin da ya yi duk abin da tsutsar ke yi. A 2024 an fito da taswirar ƙwaƙwalwar wani ɗan ƙuda mai ƙwayoyi kusan 140,000. Aiki ne babba, abin yabo, amma taswirar Maraɗi ba ta gaya wa baƙo wa ke gaba da wa a unguwa.

Bugu na biyu ya fi zafi, kuma kwamfuta ce da kanta ta yi shi. A 2004 Astrid Prinz da Dirk Bucher da Marder suka gina ɗan samfuri mai ƙwayoyi uku kacal na wannan saƙa, sannan suka yi abin da ba a saba yi ba. Al'adar masu samfuri ita ce a yi ta murɗa adadi har sai allon ya nuna kari mai kama da na dabba, sai a buga, a ce ga yadda abin yake. Su kuwa suka ce a gwada duka. Suka sauya ƙarfin mahaɗu da irin ƙwayoyin ta kowace fuska, suka sami saƙa fiye da miliyan 20, suka kunna kowacce. Wajen ɗaya cikin biyar ta ba da bugu ukun nan a jerinsu, kuma ɗaruruwan dubbai sun dace da duk awon da aka yi a jikin dabbar. Waɗannan ɗaruruwan dubbai ba ƴan uwan juna ba ne: a wata, mahaɗa kaza tana da ƙarfi ƙwarai, a wata kuwa ta kusa zama babu, amma kiɗan da ke fitowa ba a iya bambanta shi.

Mai karatu ya tsaya a nan, domin duk gardamar a nan take. Idan ƙwayoyi uku suna da ɗaruruwan dubban hanyoyi na fitar da kari ɗaya, to mutumin da ya nuna allo ya ce duba, samfurina yana bugawa kamar mai rai, bai tabbatar da komai ba face cewa ya faɗa kan ɗaya daga cikin hanyoyin. Kama da wane ba ta wane. Tun 1992 Xiao-Jing Wang da John Rinzel suka nuna da lissafi cewa ko luguden Brown mai ƙwayoyi biyu yana da fuska biyu: ko dai wadda ke sama ta gaji ta saki, ko kuma wadda ke ƙasa ta yunƙura ta ƙwace. Mai sauraro daga bayan katanga sautin daka ɗaya zai ji. Sai an tura wa ɗaya daga cikinsu ƙarin ƙarfi ne bambancin ke bayyana, domin luguden saki da luguden ƙwace ba iri ɗaya suke amsawa ba. To idan haka abin yake ga biyu da uku, ina ga ƙwayoyi 31,000 da shirin Blue Brain ya harhaɗa a 2015 daga ɗan yankin ƙwaƙwalwar ɓera da bai kai rabin ƙwayar gero ba? Ina ga miliyar 86 da ke cikin kan mutum? Kowace ƙwaya da aka ƙara tana zuwa da adadin da ba a auna ba, wanda dole a ƙiyasta, kuma yawan abin murɗawa yana sauƙaƙa samun kama, yana rage darajar kamar.

Wani zai ce wannan laifin samfuri ne, ita dabba hanya ɗaya take bi, aikin masana shi ne su gano ta. Ƙaguwa ta ƙi yarda da wannan ma. A 2006 ɗakin binciken Marder ya auna ƙwaya mai suna ɗaya a cikin ƙaguwoyi daban-daban, ya iske yawan ƙananan ƙofofin da lantarki ke bi a fatarta yana bambanta ninki 2 zuwa 4 daga dabba zuwa dabba, alhali kiɗansu ɗaya. Kowace ƙaguwa ta samo nata sulhu. Daga nan aka gane wani abu mai ban dariya da ban tsoro: samfurin da aka gina da matsakaicin awon dabbobi da yawa yana iya kasa bugawa gaba ɗaya, domin matsakaiciyar ƙaguwa ba ta taɓa rayuwa a teku ba. Bambancin ɓoyayye yana fitowa ne ranar wahala. Da aka ɗumama ruwan farantin daga digiri 7 zuwa 23, kiɗan ya ƙara sauri wajen ninki huɗu amma jerin bugun bai rikice ba. Da aka wuce iyaka sai ya wargaje, kuma kowace dabba da irin wargajewarta. Likitan da ya ga magani ɗaya ya warkar da wani ya kwantar da wani zai gane wannan labari ba tare da an fassara masa ba.

Duk wannan ba kira ba ne a jefar da samfurori. Akwai masu wannan ra'ayi, waɗanda ke cewa wasan yara ne na masu lissafi da ba su taɓa riƙe wuƙar fiɗa ba, kuma kuskurensu bai gaza na Markram ba. Tarihin binciken numfashi ya ishe su amsa. A 1991 Jeffrey Smith da Jack Feldman da abokansu suka yi ta yankan gindin ƙwaƙwalwar jariran ɓeraye sala-sala, har suka kai ga wani ɗan wuri wanda idan yana cikin salar, ko da kaurinta bai kai milimita guda ba, karin numfashi yana ci gaba a faranti. (Sunan wurin ya samo asali ne daga na maƙwabcinsa, Bötzinger, wanda aka ɗauko daga jikin kwalbar giya a wani taro a Jamus a 1978. Ilimi ma yana da ranakun shashancinsa.) A 1999 Robert Butera da Rinzel da Smith suka fito da samfurin da ya ce sirrin yana ga wasu ƙwayoyi masu bugawa da kansu, saboda wani siririn kwararar sodiyom da ba ya yankewa. Samfurin ƙarami ne, kowane adadi a cikinsa yana da ma'ana, kuma ya faɗi ƙarara abin da zai kashe shi: a toshe wannan kwarara, numfashi ya tsaya.

Aka toshe. A 2002 Christopher Del Negro da Feldman suka zuba maganin riluzol, ƙwayoyin masu bugun kansu suka yi shiru, karin numfashi bai tsaya ba. Ɓangaren Smith ya mayar da martani da nasa gwaje-gwajen. A 2004 ɗakin binciken Jan-Marino Ramirez ya nuna akwai irin na biyu na masu bugun kai, wanda maganin bai taɓa ba, ya kuma nuna cewa lamarin yana sauyawa idan iska ta yi ƙaranci, lokacin da numfashi ke komawa shaƙar fitar rai. Feldman ya karkata ga cewa karin daga taron ƙwayoyi yake tasowa, ƴan kaɗan su fara, su ja wasu, har abin ya cika ya fashe. Gardamar ba ta ƙare ba. Amma duk gwajin da aka yi cikin waɗannan shekaru samfurin 1999 ne ya nuna inda za a soka allura. Ya yi aikinsa ko da a ƙarshe ya faɗi. Batun kuma ba na ƴan boko kaɗai ba ne, domin wannan ɗan wuri yana cikin wuraren da magungunan dangin ofiyom ke dannewa har mutum ya daina numfashi cikin barci. Fiye da mutum 80,000 suka mutu ta dalilin waɗannan magunguna a Amurka a 2022, kuma tramol da ya cika tashoshin mota na Sahel ɗan wannan dangi ne. Jariran da aka haifa bakwaini, masu mance numfashi, su ma wannan makaɗi ne bai gama nuna ba a jikinsu.

Abin mamaki, amsa mafi kyau ga Markram a harabar makarantarsa take, a birnin Lozan. A can Auke Ijspeert ya gina wani mutum-mutumin salamanda, halitta mai kama da ƙadangare da ke rayuwa a ruwa da tudu, ya sa masa ɗan samfurin laka wanda aka gaji tushensa daga aikin Sten Grillner a kan kifin lamfuruwa a Suwidin. A 2007 ya nuna cewa ƙara ƙarfin umarni guda ɗaya tak ya isa ya mayar da tafiya iyo, domin makaɗan ƙafafu suna kai iyakarsu su yi shiru, na jiki su karɓe. Tambaya ɗaya aka yi, aka sami amsa ɗaya da za a iya komawa ga dabba a duba. A can ne kuma Grégoire Courtine da likitar fiɗa Jocelyne Bloch suka sa wa mutanen da lakarsu ta lalace ƴan wayoyi a bayansu. Samfurin kwamfuta ya nuna musu cewa lantarkin jijiyoyin ji da ke shiga laka ta baya yake fara tayarwa, ya kuma nuna cewa idan aka sake shi ba yankewa yana toshe wa mutum labarin inda ƙafarsa take. Sai suka koma aika shi gutsure-gutsure, a wurin da ya dace, daidai da lokacin taku. A 2018 maza uku suka taka, a 2022 wasu uku waɗanda ƙafafunsu ba sa motsi ko kaɗan. Ba a warke ba, tafiyar da sanda ce ko keken dafawa, kuma mutanen da aka yi wa ƴan kaɗan ne. Amma samfurin da ya taimaka bai ce shi laka ba ne.

Masu kare babban shirin na Turai suna cewa ya bar kayan aiki, taswirorin ƙwaƙwalwa, ma'ajiyar bayanai, da injuna na musamman. Gaskiya ne, kuma ba za a hana su wannan ba. Sai dai an samu mafi yawan wannan ne bayan ɗaruruwan masana jijiyoyi sun sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa a 2014 suna ƙorafi a kan alƙiblar shirin da yadda ake tafiyar da shi, aka rushe shugabancinsa a 2015, aka ajiye mafarkin farko a gefe. Wato abin da ya yi amfani shi ne abin da ya rage bayan an cire alkawarin da aka karɓi kuɗi da shi. Wanda ya karɓi kuɗin gina masallacin Juma'a ya kawo tubali masu kyau, a yaba tubalin, a kuma tambaye shi ginin.

Ɓarnar irin wannan alkawari a ƙasa kamar Nijar ta wani fanni take zuwa. Tana koya wa matashi cewa wannan ilimi na masu miliyoyin Yuro ne da injuna masu cika ɗaki, shi nasa kallo da tafi. Alhali samfurin Butera yana gudana a kan tsohuwar kwamfutar cinya cikin ƙiftawar ido. Manhajar NEURON kyauta ce, haka ma Brian da aka rubuta a birnin Paris a 2008. Lissafin da ake bukata ɗalibin shekara ta biyu a sashen lissafi ko fizik na jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko ta Maraɗi, ko ta Damagaram, ya riga ya karanta shi. Luguden ƙwayoyi biyu kuwa malamin lise yana iya zana shi a allo da alli, ya sa ɗalibai su gano da kansu bambancin saki da ƙwace, darasin da ya fi jumlar nan ta cewa ƙwaƙwalwa kwamfuta ce amfani nesa ba kusa ba.

Tambayoyin ma ba su ƙare ba, har waɗanda aka ɗauka an rufe. A 2022 Rune Berg da abokansa a Kofanhagan suka saurari ɗaruruwan ƙwayoyi a lakar kififiya a lokaci ɗaya, suna neman gungu biyun nan na Brown masu karɓa-karɓa. Abin da suka ji ya fi kama da zagaye: ƙwayoyin suna bugawa bi da bi, kowane lokaci na karin yana da masu riƙe da shi, ba a rabu gida biyu ba. Suka ba da nasu samfurin, wasu masana suka ƙi shi, ana nan ana ja. Ita ma farar Wilson ba ta gama magana ba. A shekarun 1980 Keir Pearson da Harald Wolf suka nuna a Kanada cewa wasu ƴan gaɓoɓin ji a gindin fiffike suna shiga cikin kiɗan kansa, suna tsayar da lokacin da tsokar ɗaga fiffike za ta kama, don haka karin da aka ji bayan an yanke jijiyoyi ba shi ne ainihin wanda dabbar ke tashi da shi ba. Inda makaɗin ciki ya ƙare, labarin fiffike ya fara, har yau ana gardama a kansa. Masu wannan bincike a Turai da Amurka kiwon fara suke yi a keji, da fitilun ɗumama ɗaki da ciyawar alkama, don su samu ƴan ɗaruruwa na gwaji. A kasuwar Maraɗi danginta da tiya ake auna su.